Astronautique: kalmar da ta riga kumbo zuwa duniya

Tambaya: Wani ɗalibi daga Damagaram da ke karatun kimiyya da Faransanci ya ci karo da kalmar astronautique a littafinsa, an fassara ta da "ilimin tafiya tsakanin duniyoyi". Yana son sanin inda kalmar ta samo asali, da abin da ya raba ta da astronomie, da kuma yadda a aikace ake tashi daga wannan duniya a isa wata.

Amsa: Ɗan'uwa, fassarar littafin naka ba ta yi kuskure ba, sai dai ta yi gajarta. Astronautique ta ƙunshi duk abin da ake bukata don a fitar da wani abu daga cikin iskar da ta lulluɓe duniyarmu, a kai shi inda ake so, ya yi aikin da aka aike shi, in da hali kuma ya dawo. Ƙirar roka tana ciki, lissafin hanya yana ciki, haka sadarwa da wutar lantarki, har da abin da mutum zai shaƙa ya ci a hanya. Ana furta ta "astronotik", domin au a Faransanci o ce, kuma kalmar mace ce.

Kada ka cakuɗa ta da 'yan'uwanta biyu. Astronomie ilimin taurari ne: kallo, awo, da gane abin da aka gani. Astrologie kuwa duba ce da burji, ba ruwanta da kimiyya. Masanin taurari yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa kusantar roka ba. Mai astronautique injiniya ne, abin da ke hana shi barci nauyi ne da mai da zafi da lokaci.

Kalmar haɗin gambiza ce daga Girkanci: astron tauraro, nautes matuƙin jirgin ruwa. An ɗinka ta ne a kan tsarin aéronautique, wadda Faransawa suka saba da ita tun bayan da 'yan'uwan nan Montgolfier suka tashi balan-balan a 1783. Wanda ake danganta ƙirƙirarta gare shi ba injiniya ba ne, marubucin ƙagaggun labarai ne, J.-H. Rosny babba, haifaffen Brussels, wanda a lokacin yake shugabantar Académie Goncourt, ƙungiyar marubutan Faransa mai ba da kyautar adabi. Amma wanda ya goya ta har ta yi ƙafa shi ne Robert Esnault-Pelterie, ɗaya daga cikin magabatan ƙirar jirgin sama a Faransa, mutumin da ya yi rajistar sandar nan da matuƙin jirgi ke riƙewa, wadda Faransawa ke kira manche à balai, wato ƙotar tsintsiya. Tun a 1912 ya tsaya gaban ƙungiyar masana fiziks ta Faransa ya yi lissafin tafiya zuwa Wata da Mars da Zahra, ya kuma kammala cewa man da aka sani a zamanin ba zai isa ba, sai an koma ga makamashin atam.

A ƙarshen Disamba 1927, shi da wani matashin ma'aikacin banki, André-Louis Hirsch, suka tara masana a Paris don kafa kyautar shekara-shekara ga wanda ya ciyar da wannan fanni gaba. Sai aka tarar fannin ba shi da suna. Kamar yadda Hirsch ya ba da labari daga baya, Esnault-Pelterie ya kawo sidération, yana kwaikwayon aviation, wato zirga-zirgar jiragen sama, amma ba ta karɓu ba, domin a bakin likitocin Faransa sidération sandarewa ce, irin wadda mutum ke yi in ya gigice. Rosny ya ce astronautique, aka amince. An sanar da kyautar a farkon 1928, faran 5,000, kuma wanda ya fara cin ta a 1929 shi ne Hermann Oberth, wanda aikinsa ya burge alƙalai har aka ninka masa kuɗin. A 1930 Esnault-Pelterie ya fitar da littafinsa mai suna L'Astronautique, kalmar ta zauna daram.

Ka dubi lokacin da aka yi wannan raɗin suna. Rokar farko mai amfani da mai na ruwa, wadda Robert Goddard ya harba a Amurka ranar 16 ga Maris 1926, tsayin mita 12 da 'yan kai kawai ta yi, cikin sakan biyu da rabi, ta faɗo. Shi kansa Esnault-Pelterie ya rasa yatsun hannunsa na hagu a 1931 sa'ad da wani sinadari da yake gwadawa ya fashe. Ya rasu ranar 6 ga Disamba 1957, wata biyu bayan Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ta fara kewaya duniya. Shekara 30 ke nan suna yana jiran mai shi.

Akwai wanda bai yarda da sunan ba. Ary Sternfeld, ɗan asalin Poland da ya yi karatu a Faransa, ya fi son cosmonautique, kuma hujjarsa tana da ƙarfi: ba taurari za a je ba, sarari za a shiga. Ya koma Tarayyar Sobiyet, littafinsa ya fito da Rashanci a 1937, shi ya sa har yau Rashawa ke cewa kosmonaut, Amurkawa na cewa astronaut, Faransawa kuma suka ƙara nasu, spationaute, wanda aka yi ta kiran Jean-Loup Chrétien da shi bayan ya zama Bafaranshen farko da ya je sararin samaniya a Yuni 1982. A ganina Sternfeld ya fi gaskiya. Voyager 1, kumbon Amurka da aka harba a 1977, tana gudun kusan kilomita 17 a sakan, amma da za ta nufi tauraron da ya fi kusa da Rana, sai ta shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. Abin da muke yi duk a cikin gidan Rana ne.

Rabin kalmar na biyu ma yana ruɗar mutane. Nautique tana sa ka ga matuƙi riƙe da sitiyari, inji na ruri tun daga tashi har sauka. Ba haka abin yake ba. Kumbo jifa ake yi da shi. Injin yana aiki na 'yan mintoci, a kashe shi, sauran watanni ko shekarun tafiyar kumbon yana lilo ne a kan hanyar da ƙarfin jan Rana ya shata masa. (Wannan ƙarfin ja, wanda ke sa abu ya faɗo ƙasa, shi ne wasu ke kira maganaɗisu. Ba maganaɗisu ba ne, don yana jan dutse da ruwa da mutum daidai yadda yake jan ƙarfe.) Saboda haka ma'aunin tafiya a wannan fanni ba kilomita nawa ba ne, gudu nawa za ka iya ƙarawa ko ragewa ne. Injiniyoyi suna kiran wannan delta-v. Mu kira shi guzurin gudu.

Matakin farko: hawa falaki

Sararin samaniya ba shi da nisa. Ana ɗaukar kilomita 100 a matsayin iyakarsa, bai kai rabin tafiyar Damagaram zuwa Kano ba. Wahalar ba hawa ba ce, zama ne. Don kada abu ya faɗo, sai ya yi gudu a kwance har ya zama yana faɗowa amma doron ƙasa na lanƙwashe masa, bai taɓa cim masa ba. Wannan kewayawa ita ce falaki, kuma a kusa da duniya tana bukatar kilomita 7.8 a sakan, gudun da zai kai ka Yamai daga Damagaram cikin ƙasa da minti biyu. In ka haɗa da asarar da ake yi wajen keta iska da kokawa da nauyi a mintocin farko, guzurin da ake bukata ya kai kimanin kilomita 9.4 a sakan.

A nan ne ƙa'idar da Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa a 1903 take shigowa, kuma duk wanda ya gane ta ya gane rabin fannin. Roka tana tafiya ne ta hanyar watsa hayaƙi baya da ƙarfi. Duk lokacin da kake son ƙara gudun da ya kai gudun hayaƙin, sai nauyin rokar a farko ya ninka nauyinta na ƙarshe sau 2.7. Ɗauki injin kananzir da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, wanda hayaƙinsa ke fita da kimanin kilomita 3 a sakan. Don samun kilomita 3, ninki 2.7. Don samun 6, ba 5.4 ba ne, 2.7 sau 2.7 ne, wato 7.4. Don samun 9, ninki 20. Don 9.4, kusan 23. Ma'ana, in roka ta tashi da tan 100, abin da zai isa falaki bai kai tan 4 da rabi ba, kuma a cikin wannan ɗan ragowar ne tanki da inji da kayan da aka aika za su raba.

Duk wanda ya san ayarin gishiri na Bilma ya san wannan matsala. Babu kiwo a Tenere, don haka raƙumi yana ɗauke da harawar da zai ci, harawar kuma tana cinye wurin kaya. In tafiyar ta ƙara tsawo, sai ka ƙara raƙuman da aikinsu kawai ɗaukar abincin sauran, su ma kuma ci suke yi. Mai ne ke ɗaukar mai.

Mafita biyu ce. Ta farko, a yi roka hawa-hawa, abin da Faransawa ke kira étages: in tankin ƙasa ya ƙare a yar da shi da injinsa, kada a ci gaba da jan gwangwanin banza. Ta biyu, a nemi man da hayaƙinsa ya fi gudu. Haidurojin da oksijin suna ba da kimanin kilomita 4.4 a sakan, ninkin ya sauko daga 23 zuwa 8.5. Amma haidurojin ba ya zama ruwa sai a digiri 253 ƙasa da sifili, kuma ya fi ruwan sha rashin nauyi sau 14, don haka tankinsa ƙato ne, ga yoyo ta kowace 'yar kafa. Oksijin kuwa a digiri 183 ƙasa da sifili. Irin wannan mai ba ya ajiyuwa, tururi yake yi ya tsere, shi ya sa kumbon da zai yi watanni a hanya yakan ɗauki hidrazin, mai guba ne amma yana zama shekaru a tanki.

Inda ake harbawa ma yana da tasiri. Duniya tana juyawa gabas da gudun mita 465 a sakan a kan layin ikwaita, kuma wannan kyauta ce ga rokar da ta nufi gabas. Faransa ta harba tauraronta na ɗan'adam na farko, Astérix, daga Hammaguir a hamadar Aljeriya ranar 26 ga Nuwamba 1965, daga baya ta koma Kourou a Guyane da ke Kudancin Amurka, digiri 5 arewa da ikwaita, inda take samun kusan duk kyautar, ga teku a gabas da tankunan da aka yar za su faɗa. Baikonur, tashar da Rasha ke harba roka a Kazakhstan, da ke wajen digiri 46, mita 320 da ɗoriya kawai take samu.

Mataki na biyu: barin gida

Abin da mutane ke mantawa shi ne, kumbon da ya kuɓuce wa duniya bai tsaya cik ba. Yana tare da gudun da duniya ke kewaya Rana da shi, kilomita 29.8 a sakan. Duniya tana nisan kilomita miliyan 150 daga Rana, Mars tana wajen miliyan 228. Hanya mafi araha tsakaninsu ita ce wadda injiniyan Jamus Walter Hohmann ya bayyana a 1925: rabin da'ira mai siffar ƙwai, wadda gindinta ya taɓa falakin duniya, kanta ya taɓa na Mars a ɗaya ɓangaren Rana. Don hawa wannan hanya sai gudun kumbo ya kai 32.7, ƙarin 2.9 ke nan a kan na duniya.

Ga wata dabara da ake kira da sunan Oberth. Kumbo yana falaki a tsayin kilomita 200, yana gudun 7.8. Gudun kuɓuta a wannan tsayi 11.0 ne. Kana iya zaton sai ka ƙara 3.2 ka kuɓuta, sannan ka ƙara 2.9, jimilla 6.1. A'a. In ka ƙona man duka a lokaci guda tun kana kusa da duniya, lissafin na murabba'i ne: 11.0 sau 11.0 ya ba da 121, 2.9 sau 2.9 ya ba da kusan 8.4, ka haɗa ka ɗauki tushen murabba'i, ka sami 11.4. Cire 7.8, saura 3.6. Kilomita 2.5 a sakan ka tsira da su don kawai ka ƙona mai a inda kake da gudu sosai. Da ƙa'idar Tsiolkovsky a hannu, ka san wannan ya rage man da ake bukata da fiye da rabi.

Tafiyar Hohmann zuwa Mars tana cin kwana 259. To Mars ba za ta tsaya jiranka ba. Kamar maharbin da ke saita gaban tsuntsu, ba inda tsuntsun yake ba, dole ranar tashi Mars ta kasance gaban duniya da kimanin digiri 44, don ku isa mahaɗa tare. Wannan tsari yana dawowa ne duk kwana 780, wata 26, kuma damar 'yan makonni ce. Faransawa na ce mata fenêtre de tir. Shi ya sa a Yuli 2020 ƙasashe uku suka harba cikin kwana goma sha ɗaya, Hadaddiyar Daular Larabawa da Hope, Sin da Tianwen-1, Amurka da Perseverance, duka ukun kuma suka isa a Fabrairu 2021. Wanda ya makara sai wata kakar. Kumbon InSight na Amurka ya kamata ya tashi zuwa Mars a Maris 2016, sai aka gano 'yar kafa a kwanson na'urar auna girgizar ƙasa da CNES, hukumar sararin samaniya ta Faransa, ta samar, kwanson da dole cikinsa ya zama babu iska ko kaɗan. Gyaran bai ci shekara biyu ba, amma sai Mayu 2018 aka tashi.

Duniyoyin da suka fi nisa kuwa, guzurin ya fi ƙarfin roka, sai a ci bashi. In kumbo ya ratsa ta bayan wata duniya, tana jan sa ta lanƙwasa hanyarsa, ya fita da wani kaso na gudun da take kewaya Rana da shi. Faransawa sun raɗa wa dabarar suna mai kyau, fronde gravitationnelle, fronde kuwa majajjawa ce. Mariner 10 ta yi amfani da Zahra ta isa Mercury a 1974. Voyager 2 ta bi Jupiter a 1979, Saturn a 1981, Uranus a 1986, Neptune a 1989, kowace na wurga ta ga ta gaba. Kuɗin bashin lokaci ne. Kumbon JUICE na Turai ya tashi daga Kourou ranar 14 ga Afrilu 2023 a kan Ariane 5, roka mai kusan tan 780 ɗauke da kumbo mai tan 6 wanda fiye da rabinsa mai ne, kuma an tsara sai ya zaga ta duniya da Zahra kafin ya isa Jupiter a 2031.

A hanya ana 'yan gyare-gyare da ƙananan injina, ana bin sawun kumbo da manyan faifan rediyo. Na Amurka suna wuri uku, Goldstone da Madrid da Canberra, an raba su a kewayen duniya don kullum ɗaya na fuskantar kumbon, mafi girmansu faɗin mita 70. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1960, Kano tana cikin tashoshin da ke bin sawun kumbunan shirin Mercury na Amurka, masu ɗaukar mutum su kewaya duniya, in sun ratso ta saman Afirka.

Inda ake yin asara

Mars Climate Orbiter ta ɓace ranar 23 ga Satumba 1999, kuma ba wani abu ne ya karye ba. Kumbon yana da faifan sola a gefe guda, hasken Rana yana ɗan tura shi yana karkata shi, sai a riƙa kunna ƙananan injina ana daidaita shi. Kowace kunnawa tana ɗan gusar da hanya, don haka ana rubuta ƙarfinta a aika wa masu lissafin hanya. Manhajar da ke rubutawa tana auna da fam, ma'aunin Amurka, masu karɓa suna karantawa a matsayin newton, ma'aunin ƙarfi na ƙasa da ƙasa. Bambancin ninki 4.45 ne. Mai sayarwa na awo da tiya, mai saye na lissafi da mudu, aka yi wata tara ana tara kuskuren kaɗan-kaɗan. Kumbon da ba zai iya jure ƙasa da kilomita 80 daga doron Mars ba ya shiga a wajen kilomita 57.

Isowa kanta haɗari ce, domin kumbon ya iso da gudun da ya fi ƙarfin duniyar ta riƙe shi. A ƙarshen hanyar Hohmann yana gudun 21.5, Mars tana 24.1, in bai taka birki a daidai lokacin ba wucewa zai yi. Akatsuki ta Japan ta isa Zahra a Disamba 2010, injin da ya kamata ya yi minti 12 ya mutu kafin minti uku saboda wani bawul da ya toshe. Sai da ta yi shekara biyar tana kewaya Rana kafin aka samu aka shigar da ita falaki da ƙananan injina a Disamba 2015.

Sauka a Mars ta fi ko'ina ban haushi. Iskarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba: ta isa ta ƙona kumbo, ba ta isa ta tsayar da shi ba. Ana shiga da gudun da ya haura kilomita 5 a sakan, garkuwar zafi ta cinye mafi yawansa, a buɗe lema tun ana gudun da ya fi na sauti, sannan a ƙarasa da injina. Curiosity, motar binciken Amurka mai kilo 899, da ta sauka a Agusta 2012, lemarta faɗin mita 21.5 ce, duk da haka sai da wani dandamali mai injina ya zuro ta ƙasa da igiyoyi. Duk wannan cikin minti bakwai ne, saƙon rediyo kuwa yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Sau da yawa, kafin labarin shiga iska ya iso, an riga an sauka ko an tarwatse. Kwamfutar cikin kumbo ce madugu.

In madugun ya ruɗe kuwa, ga abin da ya sami Schiaparelli, kumbon Turai da ya je sauka a Mars, ranar 19 ga Oktoba 2016. Lema ta buɗe lafiya a tsayin kilomita 12. Kumbon ya yi wani lilo mai ƙarfi, na'urar da ke auna juyawarsa ta cika ta tsaya a ƙarshen ma'auninta na kimanin sakan ɗaya. Kwamfuta ta ɗauki wannan lamba da gaske, ta ɗauka kumbon ya kusa kifewa, ta haɗa da abin da rada ke faɗa, lissafi ya ba ta cewa tana ƙarƙashin ƙasa. Sai ta yi abin da aka koya mata ta yi in an sauka: ta saki lema, ta kunna injina na sakan uku maimakon talatin, ta kashe. Saura kilomita 3.7 a lokacin. Ya daki ƙasa da gudun kilomita 540 a awa. Layi ɗaya da zai ce "tsayi ba ya zama ƙasa da sifili, kada ka yarda" da ya isa. Irin wannan ce ta sami Ariane 5 a tashinta na farko ranar 4 ga Yuni 1996: an ɗauko manhajar Ariane 4 ba a sake gwada ta da sabuwar hanya ba, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, rokar ta tarwatse kafin sakan 40.

Bayan sauka sai wuta. Hasken Rana a kusa da duniya wat 1,360 ne a kowane murabba'in mita, a Mars wajen 590, a Jupiter 50 kacal, shi ya sa faifan JUICE ya kai murabba'in mita 85. Ƙura kuma tana yi wa faifan Mars abin da hazon hunturu ke yi wa namu, sai dai can ba mai gogewa. Guguwar ƙura ce ta kashe motar bincike Opportunity a Yuni 2018, ƙura kuma ta shaƙe InSight a Disamba 2022. Curiosity ta tsira daga wannan don tana samun wat 110 daga zafin plutonium. Zahra kuwa, da muke gani tana ƙyalli kusa da jinjirin wata, zafin doronta ya kai digiri 460 da ɗoriya, nauyin iskarta ya ninka namu sau 90. Venera 7 ta Sobiyet, wadda ta fara aiko saƙo daga doron wata duniya ranar 15 ga Disamba 1970, minti 23 ta yi tana magana.

Mutum fa? Tsakanin 1968 da 1972 mutum 24 suka je Wata, 12 suka taka shi, amma Wata tafiyar kwana uku ce. Ba wanda ya taɓa zuwa wata duniya. Zuwa Mars da dawowa ta hanya mai araha yana cin kusan shekara biyu da rabi, domin can ma sai an jira damar komowa fiye da shekara. Kowane mutum yana shaƙar kimanin giram 840 na oksijin a rana. Ƙashi yana zaizayewa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a wata in babu nauyi. Na'urar da ke cikin Curiosity ta auna tururin nukiliya na sarari a hanya, ya kai milisibat 1.8 a rana (milisibat ma'aunin tururin da jiki ke sha ne), kusan abin da mutum ke samu a ƙasa cikin watanni da dama. Wanda ya fi kowa daɗewa a tafiya guda, Valeri Polyakov, kwana 437 ya yi a Mir, tashar sararin samaniya ta Rasha, kuma ana kai masa kaya daga gida. Babban cikas dai man dawowa ne, wanda ƙa'idar Tsiolkovsky ke ninka shi tun daga ƙasa. Shi ya sa ake son a haɗa shi a can. Gwajin MOXIE da ke cikin Perseverance ya tatso oksijin daga iskar Mars, giram 122 a gwaji 16. Rokar da za ta ɗago mutane daga can tana bukatar tan da dama.

Ga kalmomin da za ka riƙa gamuwa da su a jarrabawa. Fusée roka ce, asalinta zaren da aka naɗe a mazari, saboda siffar. Lanceur rokar da ke ɗaukar kaya zuwa falaki, charge utile kayan da aka ɗauka, ergol man roka ko abin da ke ƙona shi, sonde kumbon bincike marar mutum, orbite falaki. In za ka faɗi astronautique da Hausa, "ilimin zirga-zirgar sararin samaniya" ya fi "tafiya tsakanin duniyoyi" cika, domin tauraron ɗan'adam da ke kawo maka talabijin ma aikin fannin ne, alhali bai je ko'ina ba. Sai ka kiyaye wata rigima ta Faransawa. Atterrir, sauka, tana da terre a cikinta, wato ƙasa, sai wasu suka ƙirƙiro alunir don sauka a Wata, har da masu cewa amarsir don Mars. Académie française ba ta yarda ba, ta ce terre a nan turɓayar da ake takawa ce ko a ina take. A takardar jarrabawa rubuta atterrir sur Mars.